Yadda ake gane cikamakin karɓau a jimlar Turanci

Wata malama da ke koyar da Turanci ga 'yan aji shida na sakandare a Agege ta aiko da wannan tambaya: "Ɗalibaina suna shirin WAEC, amma kullum sai sun rikita object complement da indirect object, wani lokaci ma da adverb. Littafin da muke amfani da shi layi biyu kawai ya yi a kan batun. Ko akwai hanyar da zan koya musu wadda ba hadda ba?"

Malama, akwai, kuma rabin hanyar tana bakin ɗalibanki tun kafin su shigo aji, domin Hausa tana rarrabe abin da Turanci ke ɓoyewa. Sai dai mu fara da sunan. Wasu littattafai suna rubuta object complement, wasu objective complement, abu ɗaya ne, kada ki bari yara su ɗauka darasi biyu ne. A Hausa, tunda karɓau shi ne object, za mu ce masa cikamakin karɓau: kalma ko yankin jimla da ke zuwa domin ya faɗi ko mene ne karɓau, ko wane hali yake ciki, ko me ya zama a sanadin aikin. Abin da nake so ki dasa musu shi ne, ba da gurbinsa a jimla ake gane shi ba, da dangantakarsa da karɓau ake gane shi. Shi da karɓau abu ɗaya suke nufi.

Ki rubuta waɗannan jimloli biyu a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. "Lagosians elected Jakande governor in 1979." Sai kuma "The Swedish Academy awarded Soyinka the Nobel Prize in 1986." A ido ƙirarsu ɗaya: aikau, aikatau, suna, wani sunan, sannan shekara. Yanzu ki ɗebo sunayen nan biyu da ke bayan aikatau, ki sa "is" ko "was" a tsakaninsu. "Jakande was governor" ta zauna daidai, kuma abin da jimlar farko ke faɗi ke nan. "Soyinka was the Nobel Prize" kuwa ba magana ba ce, domin mutum daban, kyauta daban. To "governor" cikamakin karɓau ne. A jimla ta biyu "Soyinka" karɓau ne kaikaitacce, wato indirect object, "the Nobel Prize" kuma karɓau na kai-tsaye. Yaron da Turancinsa bai nuna ba zai iya yin gwajin da dirkar Hausa, ne ko ce: Jakande gwamna ne, i. Soyinka kyauta ce, a'a.

Gwaji na biyu shi ne wanda ɗalibi Bahaushe ya fi kowa riba da shi. Turanci "him" ɗaya yake da ita ga wanda aikin ya faɗa wa da wanda aka yi aikin dominsa. Hausa kuwa tana da "shi" tana da "masa", tana da "ta" tana da "mata", kuma a gaban suna tana sa "wa". Ki ba su "The tailor made Musa a cap" da "The coach made Musa captain", ki ce su mayar Hausa. Ba wanda zai yi kuskure: tela ya ɗinka wa Musa hula, koci ya naɗa Musa kyaftin. Inda "wa" ko "masa" ta fito, karɓau kaikaitacce ne. Inda aka ce an naɗa shi, an zaɓe shi, an mai da shi, an ɗauke shi, an same shi, abin da ya biyo baya cikamaki ne.

Wannan gwaji yana da rami guda, kuma gara ki nuna musu shi da kanki kafin su faɗa. Aikatan da suka shafi suna da laƙabi, Hausa takan kawo su da "masa": an raɗa masa suna Musa, ana ce masa Malam, an laƙaba masa ɓarawo. Amma a Turanci "They named the baby Musa" da "The Yoruba call the city Eko" duk cikamakin karɓau ne, tunda jaririn Musa ne, birnin kuma Eko ne. Saboda haka idan aikatau "name" ne ko "call" ko "label" ko "nickname", a bar fassara a koma gwajin "is". Fassara mataimakiya ce, gwajin "is" shi ne alƙali.

Akwai kuma hanyar tabbatarwa daga ɗaya ɓangaren. Karɓau kaikaitacce yana yarda a ɗage shi zuwa ƙarshe a sa masa "to" ko "for": "The tailor made a cap for Musa", "The Academy awarded the prize to Soyinka". Jimla mai cikamaki ba ta yarda da haka, idan ma ta yarda to ma'anarta ta sauya. "The coach made captain for Musa" ba Turanci ba ne. Malamai da yawa suna koyar da juya jimla zuwa passive, wato inda karɓau ke komawa gurbin aikau, a matsayin gwaji, amma sukan tsaya a rabin hanya. Idan sunan farko aka ɗauko, duka biyun suna juyuwa: "Jakande was elected governor", "Soyinka was awarded the prize". Wannan bai raba gardama ba. Suna na biyu ake ɗaukowa. "The prize was awarded to Soyinka" ta yi. "Governor was elected Jakande" ba ta yi ba. Cikamaki ba ya taɓa zama aikau na passive, domin shi ba wani abu ne na daban da aikin ya shafa ba. Ki kuma ja hankalinsu ga abin da ya faru da "governor" bayan juyawar: tunda Jakande ya koma aikau, "governor" ya koma subject complement, wato cikamakin aikau. Masu tsara tambaya suna son wannan tarkon.

Aikatan da ke jawo rikicin ba su da yawa, waɗanda ke iya ɗaukar ƙirar biyu ne: make, call, find, leave, get, keep. A nan har jimla ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu. Ki ɗauki "The woman called him a porter", a ce a kasuwar Mile 12 abin ya faru. Ko dai ta kira masa ɗan dako ya ɗaukar masa buhun albasa, ko kuwa ta kira shi ɗan dako. A ta farko mutum biyu ne, a ta biyu mutum ɗaya. Haka "I found Hauwa a good tailor": na samo wa Hauwa tela mai kyau, ko na iske Hauwa gwanar ɗinki ce. Irin wannan jimla ba ta da amsa sai an karanta abin da ke gabanta da bayanta, shi ya sa a tambayar comprehension ba a amsawa daga yankin da aka ja wa layi kaɗai. Sai an koma cikin labarin an nemo jimlar sukutum.

Yanzu batun adverb, wato bayanau. Cikamakin karɓau yakan zo a matsayin suna, yakan kuma zo a matsayin sifa, kuma a wajen sifar ne ake rikita shi da bayanau. Tambayar da za su yi wa kansu ita ce: kalmar nan karɓau take siffantawa ko yadda aka yi aikin? "The driver found the road easy" na nufin hanyar ba ta ba shi wuya ba, "the road was easy". "The driver found the road easily" na nufin bai sha wuyar gano hanyar ba, kuma "the road was easily" ba ta zauna ba. Harafi biyu ne suka raba su, amma ma'anar ta yi nisa. Kada ki yarda su riƙe dokar nan ta cewa duk mai "-ly" bayanau ce, domin tana kayar da yara ta fuska biyu. Friendly, costly, lonely, lovely, silly duk sifofi ne, don haka a "We found the landlord friendly" kalmar ƙarshe cikamaki ce. Sannan hard, fast, late, early suna aiki a matsayin sifa da bayanau ba tare da sun sauya kama ba. "The boys found the work hard", aikin ne mai wuya, cikamaki. "The foreman worked the boys hard", ba yaran ne masu wuya ba, yadda ya sa su aikin ake faɗi, bayanau. Wanda ya gane wannan zai daina rubuta "The news made her happily", kuskuren da ke yawan fitowa a takardun insha'i.

Akwai sifar da ke zaune daidai a gurbin cikamakin karɓau alhali ba karɓau take kallo ba. "The trader left the shop empty" da "The trader left the shop angry". A ta farko shagon ne wayam. A ta biyu ba shagon ne ke fushi ba, mai shagon ne, don haka "angry" aikau take siffantawa. Wannan shi ne hujjar da ta fi ƙarfi a kan cewa lissafin gurbi ba ya wadatarwa. Duk ɗalibin da aka koya wa "abin da ya biyo bayan object shi ne complement" zai faɗi a nan.

Wani wurin da harshenmu ke iya ruɗar yaro shi ne, Hausa tana sa sifa gaban suna ko bayansa: jar mota, mota ja. Turanci kuwa idan sifa ta koma bayan suna, yawanci aikinta ya sauya. "They painted the yellow bus" na nufin motar dama rawaya ce, an yi mata fenti, ba a faɗi wane launi ba. "They painted the bus yellow" na nufin fentin ne ya mai da ita rawaya, kamar yadda ake yi wa danfo, motar haya ta Legas, kafin ta hau titi. A ta farko "yellow" tana cikin yankin sunan, ɓangare ce ta karɓau. A ta biyu ta fita ta tsaya da kanta. Daga nan za ki iya nuna musu cewa cikamakin iri biyu ne ta fuskar ma'ana. Akwai wanda aikin ya haifar, kamar na paint, make, elect, appoint, declare, drive, wipe: "The government made Abuja the capital in 1991", kafin nan Legas ce babban birnin. Akwai kuma wanda ke faɗin halin da aka tarar ko ake ganin abu a ciki, kamar na find, consider, think, keep, leave, want, like: "Keep the gutter clean", "I like my tea hot". Sunayen rabe-raben ba dole ba ne su haddace, amma sanin bambancin yana sa su ji ma'anar.

Duk da haka Turanci yana da sifofin da ke bin bayan suna kuma suna cikin yankin sunan, kuma gwajin "is" ba ya kama su. "The police arrested the men responsible" da "The judge held the men responsible": a duka biyun "the men were responsible" ta zauna. Nan ne ake buƙatar gwajin wakilin suna, wanda a ganina ya kamata kowane malami ya koyar amma ba kasafai ake yi ba. A musanya karɓau da him, her, it ko them, a ga abin da ya rage. Wakilin suna yana haɗiye yankin sunan gaba ɗaya da duk abin da ke cikinsa. "The police arrested them", shi ke nan, "responsible" ta shige ciki, ba a cewa "arrested them responsible". Amma "The judge held them responsible", kalmar ta rage a waje. Abin da ya rage a waje, kuma ya ci gwajin "is", shi ne cikamaki. Haka "I want something cold" take komawa "I want it", amma "I want my zobo cold" ta koma "I want it cold".

Gwajin cirewa kuma yana taimakawa wajen raba cikamaki da apposition, wato suna biyu jere da ke nufin mutum ɗaya. "We greeted Alhaji, the chairman" da "We made Alhaji the chairman". Alhaji ciyaman ne a duka biyun. Amma a ta farko akwai waƙafi, kuma idan an cire "the chairman" ba abin da ya ɓaci: mun gai da Alhaji. A ta biyu idan an cire shi sai a bar "We made Alhaji", wadda ma'anarta ta zama wata aba dabam. Ki lura dai, cirewa ba gwaji ne da ke aiki ko'ina ba. "They painted the bus" da "They elected Jakande" suna tsayawa lafiya ba tare da cikamakinsu ba. Don haka idan cirewa ta rusa jimla, alama ce mai ƙarfi, idan ba ta rusa ba, ba a yanke hukunci da ita.

Sai maganar "as", wadda ke cin maki a ɓangaren cike gurbi fiye da a ɓangaren nazarin jimla. Wasu aikatau dole su zo da ita: regard, describe, see, treat, recognise, accept. "We regard him as a father" daidai, "We regard him a father" kuskure. Wasu kuma ba sa ɗaukarta sam, musamman make da call: ba a cewa "They called him as a thief". Elect da appoint suna tafiya da ita ko babu ita. Consider, idan ra'ayi ake nufi, an fi son ta ba "as": "I consider him honest". Take da mistake kuwa "for" suke ɗauka: "She mistook him for the conductor." A duk waɗannan dangantakar ba ta sauya ba, karɓau da abin da ya biyo baya mutum ɗaya ne, ko a zahiri ko a zaton mai aikin.

Ƙananan abubuwa biyu da ke tafiya da cikamaki mai suna. Na ɗaya, muƙamin da mutum ɗaya ke riƙewa a lokaci guda yakan zo ba "a" ba "the": elected him president, appointed her principal, made him captain. Wanda mutane da yawa ke riƙewa kuwa yana buƙatar "a": made him a prefect. Na biyu, tunda abu ɗaya suke nufi, yawanci adadinsu yana dacewa: "They considered him a fool", amma "They considered us fools".

Inda jimla ta fi wahalar da ɗalibai a cikin labarin jarrabawa shi ne inda tsarin ya birkice. Idan karɓau ganga ce (clause) mai tsawo, Turanci yakan tura ta ƙarshe ya ajiye "it" a gurbinta: "The rain made it difficult to reach Idi-Araba." A nan "it" tana riƙe wa "to reach Idi-Araba" wuri ne, "difficult" kuma cikamaki. Yara sukan manta da "it" ɗin su rubuta "made difficult to reach", ko "I find difficult to sleep", domin Hausa ba ta buƙatar wannan mai riƙon wurin. Idan kuma karɓau dogon yankin suna ne, cikamakin yakan tsallako gabansa: "The Third Mainland Bridge, completed in 1990, made possible a much quicker journey between the mainland and the island." Kalmar "possible" ta zo manne da aikatau, karɓau ya biyo ta. A musanya dogon yankin da "it" sai tsarin ya dawo: "made it possible". Haka make clear, make public, set free, leave open suke yi. A tambaya ma yakan fito farkon jimla: "What did they name the baby?" Kalmar "What" ce cikamakin.

Akwai yankin da marubutan nahawu da kansu ba su taru a kan suna ɗaya ba, kuma ya kamata ki san iyakarsa. "The manager kept us waiting" da "We had the generator repaired" suna cin gwajin "is" sarai: we were waiting, the generator was repaired. Littattafan makaranta da yawa suna lissafa "waiting" da "repaired" cikin cikamakin karɓau, kuma ban ga aibin hakan ba. "I consider him to be honest" ma haka, "to be" ɗin gwajinmu ne ya fito fili. Amma "The teacher made the boys sweep the class" da "She told the boy to go" sun ɗan yi nisa, domin abin da ya biyo baya aiki ne, ba hali ko matsayi ba. Wasu suna sa su cikin cikamaki, wasu suna ware su a matsayin ganga mai zaman kanta. Shawarata ki ƙarfafa suna da sifa tukuna har su zauna, sannan ki kawo waɗannan a ƙarshe, ki bi sunan da littafin makarantarku ya ba su. Abin da ya fi amfanar su a nan ma shi ne su san bayan make da let ba a sa "to", amma a passive ɗin make tana dawowa: "The boys were made to sweep the class."

Yankin da ya fara da preposition, irin su "in" da "on", shi ma yana rabuwa biyu. "The doctor found the patient in good health": za a iya sa "healthy" a madadinsa, hali ne, cikamaki ne. "She put the tray on the table": "there" ce ke maye gurbinsa, wuri ne, kuma littattafan da ke bin tsarin jimla bakwai suna kiran wannan SVOA (aikau, aikatau, karɓau, bayanau), su bar SVOC (aikau, aikatau, karɓau, cikamaki) ga wancan.

A ɗakin jarrabawa, tambayar takan zo da reshe biyu, grammatical name da function, kuma yara sukan zuba amsar ɗaya a gurbin ɗaya. Object complement aiki ne, ba suna ba. A ce an ja layi a ƙarƙashin "the most trusted man in the market" a jimlar "The traders considered Sani the most trusted man in the market." Sunansa noun phrase. Aikinsa complement of the object "Sani". Ki horar da su su riƙa ambaton karɓau ɗin da kalmarsa, domin amsar da ta ce "complement" kawai ba ta nuna ko na aikau ne ko na karɓau ba. Haka ma idan ganga ce, kamar "Hard work made him what he is today": sunan "what he is today" noun clause, aikinta complement of the object "him".

Wajen atisaye, kada ki ba su jimloli ɗai-ɗai. Ki riƙa ba su tagwaye masu aikatau ɗaya, kamar yadda muka yi a sama, guda biyar ko shida a darasi sun isa, kuma kowane ɗalibi ya faɗi gwajin da ya yi amfani da shi kafin ya faɗi amsa. Tsarin da za su bi gajere ne: a nemo aikatau, a nemo karɓau da tambayar wa ko me, a musanya shi da wakilin suna a ga abin da ya rage a waje, sannan a sa "is" tsakaninsu. Ga tagwayen da za ki iya rufe darasin da su, domin suna buƙatar a yi tunani sau biyu: "His father left him a rich man" da "His father left him a big house." A ta biyu ya bar masa gida, "left a big house for him", mutum da gida abu biyu ne. A ta farko ya bar shi yana mai arziki, "he was a rich man", don haka "a rich man" cikamakin "him" ne. Idan wani yaro ya ɗaga hannu ya ce ai ta farkon tana iya nufin uban ne ya rabu da shi yana attajiri, ki ba shi gaskiyarsa, domin a wannan karatun "a rich man" ya koma kan aikau, kamar "angry" a jimlar mai shago.